Baɗi Taka Ce

Masu iya magana kan ce, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Na daɗe ina koya wa ɗalibai wannan karin magana a aji, amma sai da na kwana biyu a aikin malanta na gane cewa akwai wanda kan ci gudun, sa'an nan a ce da shi ya miƙa wa wani zomon. Ni kaina na taɓa ba da irin wannan umarni, kuma shi ne dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami a yau.

Abin da ya fama mini tsohon miki ya faru ne a watan Satumba na 2025. Muna zaune a ofishin malamai, sai wani matashin malami ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Malam, dubi wani rashin adalci." Tseren motoci ne na Formula One, a filin Monza na ƙasar Italiya. A wannan wasa kowane kamfani yana da mota biyu da direba biyu, kofi kuma iri biyu ne, na direbobi da na kamfanoni. A ranar, Lando Norris na kamfanin McLaren yana gaban abokin aikinsa Oscar Piastri, sai aka samu jinkiri wajen sauya masa taya, ya fito a bayansa. Nan take kamfanin ya umarci Piastri ta rediyo da ya ba shi hanya, ya kuwa ba shi. Maki uku ne tsakanin na biyu da na uku. Da shekara ta ƙare, Norris ya ɗauki kofin duniya da ratar maki biyu kacal a kan Max Verstappen. Mai karatu na iya yin lissafin da kansa.

Matashin malamin yana ta faɗa, ni kuwa na yi tsit, domin hankalina ya koma shekarar 2013. A lokacin ni ne uban gidan Kore a wata makarantar sakandare a nan yankinmu na Kasuwar Daji. Ranar gasar gidaje, yara biyu ne nawa a tseren mita 1,500. Babban ɗan aji shida ne, ya riga ya ci mita 800 da safe, idan ya ƙara wannan shi ne gwarzon shekara, gidanmu ya sami ƙarin maki, shi kuma a tafi da shi gasa Ƙauran Namoda. Ƙaramin ɗan aji huɗu ne, siriri, marar surutu, wanda kullum da ƙafa yake zuwa daga ƙauyensu, kuma kowa ya san ya fi babban gudu.

Ban faɗa masa komai ba kafin a tashi, saboda ina fatan abin zai warware da kansa. Da aka shiga zagayen ƙarshe na ga ya ba da rata mai yawa, sai na ruga bakin fili na daka masa tsawa na ce, "Kai, rage! Bar yayanka ya wuce! Baɗi taka ce!" Yaron ya waiwayo ya dube ni. Bai rage a hankali yadda za a ce gajiya ce ba. Tsayawa ya yi cak, taki kaɗan kafin layi, ya harɗe hannuwa a baya kamar mai jiran bulala, har babban ya zo ya wuce. Fili ya ɗauki ihu. Babban ya karɓi kofi kansa a sunkuye, ni kuma shugaban makaranta ya yaba mini a kan dabara.

Shekaru da yawa ina kare kaina da hujjar da masu motocin nan ke kare kansu da ita, kuma ba hujjar banza ba ce. Direba ba shi kaɗai yake tsere ba. A bayansa akwai ɗaruruwan makanikai da injiniyoyi da suka ƙera motar, akwai masu kuɗin da suka zuba dukiya, shi kuma da saninsa ya sa hannu a yarjejeniya. Ko a dambenmu na gargajiya, ɗan dambe sunan ɓangarensa yake ɗauke da shi in ya shiga fage, ba nasa kaɗai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wanda kuwa aka ɗauki jinka tare da shi bai kamata ya ce inuwar tasa ce shi kaɗai ba.

Hana abin ma an gwada, bai yiwu ba. A 2002, a ƙasar Ostiriya, kamfanin Ferrari ya umarci Rubens Barrichello ya bar Michael Schumacher ya wuce, ya kuwa taka birki dab da layi, kamar yadda yarona ya yi. 'Yan kallo suka yi ta ihu, Schumacher ya ji kunya har ya tura Barrichello kan matakin na ɗaya, aka ci su tarar dala miliyan ɗaya saboda saɓa ƙa'idar bikin ba da kofi. Daga nan hukumar wasan ta haramta irin wannan umarni. To me ya biyo baya? Sai aka koma zaurance. A 2010, a Jamus, injiniyan Felipe Massa ya sanar da shi kawai cewa Fernando Alonso ya fi shi gudu, Massa ya gane karatun ya kauce. Aka ci Ferrari tarar dala 100,000, a ƙarshen shekarar kuma aka soke dokar gaba ɗaya.

Labarin da ya rushe mini hujjata kuwa ya girmi waɗannan duka. A 1956, a wannan fili na Monza, motar Juan Manuel Fangio ɗan Ajantina ta lalace a tseren ƙarshe na shekara. Abokin aikinsa Peter Collins, matashi ɗan Ingila, wanda shi ma yana da damar ɗaukar kofin, ya sauka ya miƙa masa tasa motar don raɗin kansa. Fangio ya ɗauki kofinsa na huɗu. Kowa na ganin Collins yaro ne, yana da sauran lokaci. A 1958 ya rasu a hatsarin tsere a Jamus, bai taɓa ɗaukar kofin ba.

Yarona ma baɗinsa ba ta zo ba. Kafin damina ta fita mahaifinsa ya rasu, ya bar makaranta ya kama dako. Bayan shekaru na gamu da shi ran kasuwa yana loda buhunan hatsi a mota. Ya durƙusa ya gaishe ni, muka koma gefe, na cije na tambaye shi ko yana riƙe da ni a zuci. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai da kun tambaye ni tun da safe, da ni da kaina zan bar mashi, don yana ba ni abinci in nawa ya ƙare. Abin da ya yi man zafi, ba ku tambaye ni ba." Na rasa abin cewa, sai "Ka yafe mini, ɗana." Ya ce, "Ba komi, Malam," ya koma kan buhunansa.

Tun daga ranar na daina tambayar ko daidai ne a ce wani ya ja baya don amfanin gida. Wani lokaci daidai ne. Abin dubawa shi ne yadda aka yi. A faɗa wa mutum kafin a tashi, ya amince da bakinsa. A tabbata akwai buƙata ta gaske, domin Schumacher a 2002 ya gama shekara da maki 144, mai bi masa yana da 77, ka ga ke nan an wulaƙanta Barrichello a banza. Kada a ɓoye wa 'yan kallo, tunda gaskiya suka zo gani. Sa'an nan kada a biya mutum da alkawarin gobe, domin gobe ba a hannunmu take ba. Collins kyauta ya yi, ya tafi da mutuncinsa. Yarona kuwa ƙwace na yi masa, na kira abin sadaukarwa.

'Yan'uwana marubuta, mun saba bin wanda ya ɗaga kofi har gida a cikin labaranmu. Ina roƙon mu riƙa waiwayar wanda aka ce ya tsaya, domin sau da yawa labarin yana wurinsa. Har yanzu nakan tsaya bakin fili ranar gasa, amma ban ƙara ɗaga murya na ce da wani yaro ya rage gudu ba. Allah ya yafe mana abin da muka yi da sunan dabara, amin.