Kawo da Hunturu, da Motar da Ba Ta Shan Mai

'Yan'uwana mata, duk wadda ta taho Kaduna daga Zariya, Kawo ce ke fara yi mata maraba. Ga gadar sama da aka sabunta aka buɗe a 2022, ga tashar mota, ga kasuwar Talata. Da asubahin hunturu kuwa, hazo kan rufe gari, yaran mota suna jin ɗumi, hayaƙin tsofaffin motoci yana sa goyo tari.

To, akwai mota wadda ba ta shan mai, ba ta hayaƙi. Batir gare ta, a cika shi da lantarki kamar wayar hannu. A ƙasar Norwe, inda ƙanƙara ke rufe hanya, cikin sababbin motoci goma da aka sayar a 2024, kusan tara irinta ne. Amma fa sanyi abokin gabarta ne. Yakan rage wa batir ƙarfi, abin ɗumama ciki kuma daga jikinsa yake ci, sai tafiya ta gajarce. Don haka uwargida a can takan ɗumama motarta tun tana jone da wuta, kana ta kai yara makaranta.

Sanyin Kawo bai kai ya daskarar da ruwa ba. Mu damuwarmu wutar da za a cika batirin ce. Amma rana kam Allah ya hore mana. A 2021 an buɗe wurin cajin mota da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato.

'Yan makaranta, ku riƙe lissafi da kimiyya da kyau. Ran da motocin nan suka cika tashar Kawo, za a nemi masu gyaransu. Kada a rasa mata a ciki.