Ciwon Wilson, hoton ƙwaƙwalwa da maganar farfaɗiya

Yau ina so in yi magana kan wani ciwo da ba a cika jin sunansa ba a Sabo, wato ciwon Wilson, wanda wani likita a Landan mai suna Kinnier Wilson ya bayyana a 1912. Ciwo ne na gado. Hanta ce ke kasa fitar da sinadarin tagulla da muke samu a abinci, sai ya taru a cikinta, daga baya ya haura ƙwaƙwalwa da ido. An ƙiyasta yana kama mutum 1 cikin 30,000, kuma sai yaro ya gaji abin daga uwa da uba duka biyu, shi ya sa ya fi yawa inda ake auren zumunci. Mu kuwa mun san yadda muke aurar da 'ya'yanmu a nan.

Ɗan yayata ne ya sa na san shi. Yana da shekara 17 ya fara rawar hannu, maganarsa ta yi nauyi, bayan shawara da ta taɓa kama shi. Likitan ido a nan Ibadan ya ga wani zobe ruwan ƙasa kewaye da baƙin idonsa, aka gwada jini da fitsarin awa 24, aka tabbatar.

Da aka ce a yi hoton MRI, Yaya ta ce, "Tunda an san ciwon, mene ne na ƙarin kashe kuɗi?" Ni dai na goyi bayan a yi, ga kuma dalili. Galibi tagullar tana ɓata can tsakiyar ƙwaƙwalwa ne, wurin da ke sarrafa motsi, daga nan rawar jiki take zuwa. To amma a wasu, ɓarnar kan kai saman ƙwaƙwalwa da farin ɓangaren da ke ƙarƙashinsa, musamman ta wajen goshi, kuma su ne farfaɗiya ta fi kamawa. Binciken da aka buga a Ingila a 1988 ya samu farfaɗiya a kusan kashi 6 cikin 100 na masu ciwon, kamar ninki 10 na sauran jama'a ke nan. Hoton yaron ya nuna tabo ta goshi, don haka likita ya gargaɗe mu tun da wuri.

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne faɗuwar takan zo ne bayan an fara magani. Shi ma wata 2 da fara shan penicillamine ya faɗi. Nan take maƙwabta suka kasu biyu, masu cewa iskoki ne a nemo mai ruƙiyya, da masu cewa maganin asibiti ne ya jawo, a zubar. Addu'a kam ba mu fasa ba. Amma barin maganin kwatsam yana iya kashe hanta cikin watanni, kuma da ba don gargaɗin nan ba, na tabbata da Yaya ta bi ta biyu.

Likita ya ƙara masa bitamin B6, domin penicillamine na rage shi a jiki, ya kuma kauce wa valproate saboda yana wahalar da hanta, ya ba shi wani maganin farfaɗiyar. An hana shi cin hanta, gyaɗa da cakulan, tsiren hanta da ƙuli-ƙuli duk ya haƙura.

Kowane ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya yana da haɗarin 1 cikin 4, ko da lafiyarsa ƙalau a ido. An gwada biyu, saura autar da ke wajen kakarta a Kano, sai hutun makaranta za a kawo ta.