Bango Ba Rufi

Tun da aka zo Illela a watan Oktoba na 2024 aka ƙaddamar da babbar hanyar da za ta tashi daga bakin iyakar nan ta dangana da Badagry, kilomita 1,068, samarin Tozai ba su da zance sai na kwalta da arziki. Ni kuwa, da na fara jin labarinta tun zamanin marigayi Alhaji Shehu Shagari, gemuna na baƙi, addu'ata ita ce Allah Ya sa a gama, domin fara aiki bai taɓa gagararmu ba. Tashar lantarkin Sakkwato mai megawat 38 da aka soma a 2008 ta haura shekara goma ba ta haska gidan kowa ba.

Jinkiri ba ya aiko manzo. Alamarsa ta farko ita ce ranar da ma'aji ya daina kawo hisabi, ka tambaye shi buhun siminti nawa ya rage, ya ba ka addu'a maimakon adadi. Haka ta faru ga wata Islamiyya da jama'a suka ɗauko mai aji shida, kuɗin rufi suka ƙare a bango, damina biyu ta sauka kan bulo har ya yi kore, awaki suka mai da shi makwanci. Sannan aka janye tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin ɗauko siminti daga Kalambaina ya hau, aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar, fataken Ƙonni da suka yi alkawarin gudummawa suka koma neman na tuwo. Wani tsohon magini ne ya ceci Islamiyyar, ya ce a yi wa aji biyu rufi a bar huɗu, a fara sayen kwano da katako, a kuma karanta hisabi kowace Juma'a bayan salla. An ji kunya, amma yara suka shiga karatu.

Malamanmu sun hore mu da barin gaggawa, kuma haƙiƙa sun yi gaskiya. Sai dai a zamanin da naira ke zubewa, wanda ya ajiye kuɗin gini yana jiran su cika, asara yake tarawa. 'Yan zamani kuwa burinsu hoton aza harsashi a Facebook.

Wakilanmu, ku riƙa tambaya duk wata game da hanyar Badagry: kilomita nawa aka shimfiɗa, nawa aka kashe? Ku karanta mana amsar a kasuwar Illela.