Mudu da Buhu a Tafkin Bayanai

A ƙarƙashin madatsar ruwa ta Watari, a ƙaramar hukumar Bagwai, gonakin shinkafa ƙanana ne, domin rabon gado ya yayyanka su tsakanin 'ya'ya da jikoki. Ɗan kasuwar da ya zo sayen shanshera ba ya loda mota da mudu. Sai an tara, an cika buhu, an ɗinke baki. Wannan dabarar ce ake buƙata a tafkin bayanai, wato rumbun kwamfuta da bankuna da kamfanonin waya ke zuba bayanansu, a kasa su bisa rana ko yanki.

A ɗauka akwai manhajar da ke rubuta fayil ɗaya kowane minti ga kowace ƙaramar hukuma cikin 44 na Jihar Kano. A yini guda fayiloli 63,360 ke nan, kowanne ɗan mitsitsi. Kafin a karanta fayil sai an nemo shi, an buɗe shi, an duba bayanin tsarinsa, kuma rumbuna irin su Amazon S3 suna cajin kuɗi kan kowace buƙata. Sai lokaci da kuɗi su ƙare wajen buɗewa da rufewa. Maganin shi ne dunƙule ƙananan su zama manya: Apache Iceberg, wadda ta samo asali a Netflix, tana nufin megabayit 512 ga kowane fayil, umarnin OPTIMIZE na Delta Lake kuwa kimanin gigabayit 1.

Amma shi kansa dunƙulewar yakan yi nawa, yawanci saboda dalilai uku. Na farko, bin tafkin gaba ɗaya kowane dare, alhali kason bara ya riga ya dunƙule. A taƙaita aikin kan kwanakin da sabbin bayanai suka shiga. Na biyu, bin kaso ɗaya bayan ɗaya, alhali babu wanda ya dogara da wani. A saki da yawa su gudana tare, hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Na uku, haɗa dunƙulewa da jera bayanai bisa tsari, wanda ke tilasta kai-kawo tsakanin na'urori. A ware shi ga teburan da suka cancanta. Iceberg ma tana ba da damar adana abin da aka kammala kashi-kashi, don kada katsewa guda ta rushe aikin dare.

Sai dai rigakafi ya fi magani. Tebur da aka kasa fiye da kima zai ci gaba da haifar da ƙananan fayiloli kome saurin na'ura. Injiniyan da ya rage yawan kason, ya sa manhaja ta tara bayanai kafin ta rubuta, zai ga kuɗin hayar na'urori ya sauka, rahoton safe kuma ya iso kafin a zauna taro.