Ɗan Batir a Cibiyar Keke

Duk mai tuƙa keke yana da ƙaryar da yake yi wa kansa. In iska tana tura shi ta baya sai ya ce ƙarfinsa ne, in ta tare shi ta gaba sai ya ce hanya ce ba kyau. Shi ya sa nake ƙaunar cibiyar ƙafar bayan kekena, domin ita ba ta san kara ba. Samfurin PowerTap G3 ce, ƙirar Amurka. A cikinta akwai 'yan na'urori masu jin ƙarfin da sarƙa ke murɗa ta da shi, su haɗa da saurin juyawar ƙafar, su aika wa agogon da ke kan keken adadin wat ɗin da na zuba.

To amma duk wannan hikima a kan batir guda ta rataya, mai lamba CR2032, faɗinsa milimita 20, kaurinsa milimita 3.2. Ran da ya mutu, agogo ya yi shiru ke nan.

Canza shi ba wuya. Nakan cire ƙafar, in goge ƙura tas, in kwance murfin da ke gefen da babu sarƙa, in zaro tsohon in sa sabo, ina lura da fuskar da ke da alamar tarawa. Inda aikin yake shi ne wani siririn zoben roba da ke hana ruwa shiga. In ya tsage ko ya karkace wajen rufewa, ruwan sama ɗaya ya isa ya lalata na'urar. Saboda haka nakan duba shi da kyau, in shafa masa ɗan giris, in ɗaure murfin a hankali. Daga nan in mayar da awon kan sifili ba tare da ƙafata na kan feda ba, don kada ya fara da ƙarya.

Mai karatu zai ce wannan lallaɓa ta yi yawa. Dalili shi ne, kamfanin SRAM ya sayi PowerTap a 2019, ya daina ƙera cibiyoyin a 2021. Batir yana nan a shagon masu agogo, amma cibiya in ta tafi sai dai kwance. Wanda ya samu mai gaya masa gaskiya, ko mutum ne ko ƙarfe, ai sai ya riƙe shi hannu biyu.