Daga Peckham Zuwa Titin Denmark: Neman Fedar Jita a Landan

Saƙon ya same ni ne saura kwana biyu in bar Landan. Ɗan ƙanwata da ke Agadas, wanda ke kaɗa jitar lantarki a gidajen biki, ya turo murya ta WhatsApp: "Kawu, don Allah kada ka dawo ba ka sayo mini wah ba." Sai da na saurara sau uku. Ban san mene ne wah ba, amma yaron bai taɓa roƙona komai ba, don haka na sa wa raina sai na nemo.

Na fito daga masaukina a Peckham da ƙarfe 10:20 na safe, sanyin Disamba yana ratsa safar hannu. Na hau bas mai lamba 12, mai hawa biyu. Ba kwandasta, ba a karɓar tsabar kuɗi. Kati ake taɓawa a wata na'ura kusa da direba, ta cire fam 1.75 a lokacin, ko ina za ka sauka. Na haye sama na zauna a gaba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shirun da ke cikin motar: ta cika maƙil, amma ba mai yi wa wani magana. A Kano da kafin mu kai gadar Ƙofar Nasarawa an gama tattauna farashin shinkafa.

Muka bi ta Camberwell da Elephant and Castle, muka haye gadar Westminster, agogon Big Ben na gabanmu, sannan dandalin Trafalgar da Piccadilly. Tafiyar ba ta wuce kilomita 8 ba, amma ta ci kusan awa guda saboda danja da cunkoso. A Oxford Circus na sauka, na taka da ƙafa zuwa gabas kamar minti 12, ƙafafuna sun yi tauri don sanyi.

Na yi zaton zan tarar da wata babbar kasuwa. Ashe titin Denmark ɗan lungu ne da tsawonsa bai fi mita 100 da 'yan kai ba, a bayan tashar jirgin ƙasa ta Tottenham Court Road. Sai dai kusan kowace taga jita ce rataye jere. A gida mai lamba 4 ƙungiyar Rolling Stones ta naɗi faifanta na farko da ya fito a 1964, kuma har yanzu baƙi na tsayawa ɗaukar hoto a ƙofar.

Na shiga shago na biyu da na gani, na faɗa wa wani matashi mai dogon gashi gaskiya: ni ban iya kiɗa ba, aiko ni aka yi. Bai raina ni ba. Ya ɗauko wani baƙin ƙarfe mai nauyi, ya haura kilo guda, ya ajiye a ƙasa. Da na ga yadda yake lilo gaba da baya a ƙarƙashin tafin ƙafa, sai na tuna fedar keken ɗinki. Ya jona jita ta gefe ɗaya, amfilifaya ta ɗaya gefen, ya danna gaban fedar da ƙarfi har ta yi ƙas, ya bugi tsirkiya guda.

Tsigar jikina ta tashi. In ya danne da dunduniya, sautin ya dushe kamar mai magana baki a rufe. In ya tura da yatsu, sai ya buɗe ya yi kaifi. Tsakanin biyun jitar ta ce "wa", kamar jariri. Na ce masa muna da kalangu, wanda makaɗi ke matsewa a hammata ya sa shi magana. Ya ce kusan haka ne, amma da bambanci: kalangu hawa da saukar sauti yake canzawa, ita kuwa fedar ba ta canza hawa da saukarsa, tace sautin take yi, ta fito da wani sashe ta danne saura, yadda leɓe ke yi wa murya.

A 1966 wani injiniya mai suna Brad Plunkett ya ƙirƙiro ta a kamfanin Thomas Organ da ke Kalifoniya, masu yin kayan kiɗan Vox a Amurka. Da farko masu busa ƙaho aka yi niyya, shi ya sa na farkon suka fito da sunan mai busa Clyde McCoy. Masu jita ne suka ƙwace ta. Jimi Hendrix ya buɗe "Voodoo Child (Slight Return)" da ita a 1968, kuma ita ce ke kai-komo a kiɗan fim ɗin Shaft na 1971. Nan na gane inda yaron ya samo sha'awar. Samarin Agadas masu jita sun daɗe da sanin Hendrix. Ɗaya daga cikinsu, Bombino, da kansa ya sha faɗin cewa bidiyoyinsa ya riƙa kallo yana koyo.

Uku ya jera mini. Cry Baby ta kamfanin Dunlop, wanda ya mallaki sunan tun 1982, muryarta da kaifi. Vox V847 ta fi taushi a kunnena. Ta ukun Morley ce, faffaɗa, takunta ya fi tsawo. Sai na yi tambayar da nake ganin ita ce ta fi muhimmanci a duk ranar: yaya za su yi da ƙura? Na kwatanta masa hunturun Agadas, da biki a fili kan yashi, janareta na ruri a gefe. Ya juya Cry Baby ya nuna mini wani ɗan haƙori da ke murza maɓalli a ciki, irin na ƙara muryar rediyo. Wannan, in ji shi, shi ke cinyewa, kuma in ƙura ta shiga sai a riƙa jin ƙarar-ƙarar. Morley kuwa da haske take aiki, ba abin da ke gogar wani.

Ni a nan na yanke hukunci, Morley zan saya. Amma ba ni zan taka ba. Na naɗi sautin kowace na tura, na fita waje na jira, domin Agadas na gaba da Landan da awa ɗaya a wannan lokaci, kuma na san yana masallaci. Bayan minti 25 amsa ta zo: "Kawu, ta farkon. Ita ce ke kuka." Na kawo maganar ƙura. Ya ce zai ɗinka mata jaka, kuma akwai mai gyaran rediyo a unguwarsu da ya iya sauya irin wannan maɓalli.

Na bi zaɓinsa, kuma ina ganin ya fi ni gaskiya, tunda shi zai tsaya gaban jama'a. Na biya ƙasa da fam 100 kaɗan, na ƙara da maɓallin canji guda. Mai shagon ya so ya haɗa mini da abin jonawa a bango, na ƙi: filoginsa mai baki uku ne irin na Ingila da Nijeriya, Nijar kuwa mai baki biyu zagayayyu ake amfani da shi, irin na Faransa. Na ɗauki batir mai bolt 9 guda huɗu. Ya ja kunnena cewa a riƙa zare wayar jita in an gama, in ba haka ba batir zai ƙare ko ba a taka ba.

Ƙarfe 3:50 na fito, rana na faɗuwa, fitilun titi sun kama. Kafaɗata ta yi tsami kafin in kai tashar bas. Fedar tana cikin akwatina yanzu, naɗe da rawani. Daga Kano saura mata kusan kilomita 240 zuwa Damagaram, sannan wasu 450 zuwa Agadas.