Hanyar Galagu

A ƙauyenmu, can gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Mai Wurno, ba wanda ya ɗauki dajin Dindir wurin yawon buɗe ido. Wuri ne da ake kama makiyayi a ci shi tara, wurin da masunci ke shiga da dare ya fito kafin asuba. Hazira muke ce masa, kamar yadda Larabawan maƙwabta ke faɗi, kuma a yarintata ban taɓa jin an ambace shi ba sai da sassauta murya.

Ni kuwa ta ƙofa na shiga, albarkacin kawuna direban lori, wanda ke kai wa masu gadin dajin dawa da sukari da man fitila idan rani ya kama. Shekarun bayan babban fari na 1984 ne, ina matashi, ya ɗauke ni yaron mota. Da damina ba a maganar zuwa, don baƙar lakar yankin kan haɗiye mota har ƙirji. Da rani kuma sai ta tsattsage, lori ya yi ta tsalle tun daga garin Dindir har sansanin Galagu, tafiyar wuni sur.

Kogin ne ya fara ba ni mamaki. Na tashi ina jin labarin yadda Dindir ke gangarowa daga duwatsun Habasha da toroƙo, sai ga shi rairayi fari fat, da 'yan kududdufai nan da can, goruba ta yi masa layi hagu da dama. Rayuwar dajin duka ta rataya ne a kan fadamun da ake kira maya, tsofaffin kwanar kogi da ke riƙe ruwa da ɗanyar ciyawa bayan ko'ina ya ƙone. A bakin wata maya da ake kira Ras Amir na ga garken ɓauna, da gwambaza, da kwanta-rafi, gadu na gudu wutsiya a miƙe, zabi kuwa har sun gunduri ido. Zaki da dare muka ji shi, kuma hakan ya ishe ni. Raƙumin dawa tuni ya zama labarin tsofaffin masu gadi.

Turawan Ingila suka killace dajin a 1935. UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren da take kulawa da su a 1979, sannan a 1983 aka ƙara masa faɗi har ya kai wajen murabba'in kilomita 10,000. A takarda abin yana da kyau. A ƙasa kuwa, manyan gonakin tarakta na dawa da riɗi sun riga sun cinye burtali da makiyaya a kewaye, don haka Larabawan Rufa'a da Fulanin Mbororo ba su da inda za su nufa da dabbobinsu idan rani ya tsananta sai bakin waɗannan fadamun. Wanda ya ba ɗan kasuwa dubban kadada shi ya tura makiyayi cikin hazira, amma makiyayin ake kamawa.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne Magano, ƙauyen da ke gindin dutse can wajen iyakar Habasha, a cikin dajin kansa. Mutanensa jinin Gumuz ne, al'ummar da iyaka ta raba biyu tsakanin Sudan da Habasha. Noman dawa suke, da ɗiban zuma, da saƙar kaba. Wani dattijo ya zaga da mu, yana nuna itacen da ƙudan zuma ke so, da ramin da ake tona a rairayi a sami ruwan sha, da sawun da ya kwana da wanda aka taka da hantsi. Ya san dajin fiye da taswirar da ke ofishin Galagu, amma dokar da ta hana makiyayin da ya zo jiya sare reshe ita ce ta hana shi.

Kawu ya ce masa cikin Larabci, "Baba, ku ma sai da izini?" Tsohon ya yi dariya, ya tambaye mu asalinmu. Kawu ya ba shi tarihin da kowane ɗan yankinmu ya haddace: yadda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a 1903, yadda ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a gabas har suka kafa gari a bakin kogi a 1906, da yadda iyayenmu suka yi wa audugar Jazira bauta. Tsohon ya saurara tsaf, sannan ya ce, "Ashe ma kun daɗe." Mu da aka saba ce wa Fallata baƙi a kasuwar Sinnar da layin yankan takardar ɗan ƙasa, wannan magana ta yi wa Kawu daɗi ƙwarai.

Da za mu tashi ya kawo zuma a ƙwarya, Kawu ya sauke masa sukari da gishiri. Suka ɗan ja ciniki don kada ɗaya ya zama ya yi wa ɗaya sadaka. A hanyar dawowa taya ta fashe mana kusa da wata maya, na yi faci ina waige-waige, Kawu na zaune a inuwar aduwa yana faɗa mini in daina tsoron ɓauna in kula da jak.